Ambulan a Kabad ɗin Na'ura

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na yi ƙarya, kuma ta fito daga bakina sumul kamar na saba. Baban Aku ya tambaye ni ko na kai takarduna ofishin jakadancin ƙasarsu, na ce na kai. Ya ce me suka ce, na ce sun ce za su kira. Ya ce madalla, ya ci gaba da goge wa Aku takalmin makaranta.

Ambulan ɗin yana wurin aiki, a kabad ɗin da ke ƙarƙashin na'urar gwajin ji, bayan littafin bayaninta da ba wanda yake buɗewa. Fasfo, fom mai shafi tara, takardar aure, da hotuna huɗu da na fito a ciki kamar wadda aka kama da kayan sata. Ranar ƙarshe talatin ga wata. In ta wuce sai baɗi, aikin da suka ba shi kuwa ba zai jira baɗi ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Bari in jera abin ko kaina zai daina juyawa.

Shekara tara da aurenmu. Aiki ne ya kawo shi ƙasarmu, gyaran na'urorin asibiti. Wata rana ya shigo sashenmu da jakar kayan aiki da gaisuwa uku da ya haddace, daga nan ya ƙi komawa. Har yau dangina Baƙo suke ce masa. Watan jiya mahaifinsa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mahaifiyarsa ta rasu tun bara waccan. Ƙannensa mata ne su biyu, kowacce da gidanta da 'ya'yanta. Wani asibiti a garinsu ya ba shi aiki daga watan Janairu. Aku, 'yarmu, tana da fasfonsu tun tana jaririya. Ni kaɗai ce ke bukatar izinin zama, kuma dole ni zan kai takardun da ƙafata.

Bai tilasta mini ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya ɗaga murya da na sami abin riƙewa. Cewa ya yi ba zai tafi ya bar ni ba, in na ce a'a shi ke nan. Sai ya shiga kicin ya tsaya yana kallon tukunyar da babu komai a ciki.

Na ce to. Bakina ne ya ce to, sauran jikina ba a yi shawara da shi ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Duk lokacin da na buɗe kabad ɗin nan sai gabana ya faɗi. Na daina ajiye abincin ranata a ciki.

Lahadi, 7 ga Satumba

Kiran bidiyo da gidansu. Tsohon yana kwance, bakinsa ya ɗan karkace, ƙannen suna leƙowa ta gefe kowacce da rabin fuska. Na gaishe su da kalmomi biyar ɗin da na iya, suka yi mini tafi kamar yarinyar da ta fara tafiya. Shekara tara, kalmomi biyar. Ko kunya ban taɓa ji ba sai yanzu.

Daga nan suka ɓalle da hira, ni kuma na zama hoton bango. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mutumin da nake gani in yana magana da harshensu. Muryarsa takan buɗe, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya faɗi abu su bushe da dariya har tsohon ya riƙa tari. Ashe mijina mai barkwanci ne. Ni mai shiru-shiru na aura, wanda yake auna kowace kalma kafin ya ajiye ta. Wancan na cikin wayar ban san shi ba, kuma ban sani ba ko da shi na haɗu da zai kalle ni sau biyu.

Aku ta yi dariya tare da su, don ita bakinta biyu ne, shi ya sa ma aka sa mata Aku. Na tambaye ta me aka ce. Ta ce, "Mama, ba zai ba ki dariya ba in na juya miki." Shekararta bakwai.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Talata, 9 ga Satumba

Wani tsohon malamin makaranta ɗansa ya kawo shi gwaji. Tsaf-tsaf da shi, biro biyu a aljihu. Ɗan ya ce ba ya ji, shi ya ce lafiyarsa ƙalau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana. Duk abin da na faɗa sai ya gyaɗa kai da ɗan murmushi, daidai inda ya kamata. Wanda bai san aikin ba zai rantse yana ji.

Sai na yi masa dabarar da nake yi musu duka. Na kare bakina da kati na ce, "Baba, a mota kuka zo ko a ƙafa?" Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi. Ɗan ya kalle ni.

Na sa shi a akwati, wato ɗan ɗakin nan namu mai kaurin bango da tagar gilashi, na sa masa abin kunne, na ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Rabin ƙarar ta wuce shi. Da muka gama ya riƙe hannuna ya ce shekara shida ke nan ba ya zuwa taron dangi sai dole, wai dariyar da ba ka san dalilinta ba ta fi ɗaukar kaya gajiya.

Na rubuta masa takardar na'urar ƙara ji. Bayan sun fita na shiga akwatin na ja ƙofa na zauna. A ciki ba ka jin komai sai jininka. Haka nake zaton can zai kasance, ni a bayan gilashi, mutane suna ta motsa baki.

Juma'a, 12 ga Satumba

Abubuwan da nake tsoro, tunda ba mai karantawa:

In kamu da ciwo in kasa faɗin inda ke mini ciwo. Aikina, shekara goma sha biyu, ya tashi a banza, don rabin gwajin karanta wa mutum kalmomi ne ya maimaita, ni kuwa wa zan karanta wa me? In zama matar da ake aika 'yarta ta yi mata ciniki. Aku ta kai sha uku ta fara cewa in tsaya a mota kada in shiga makarantarsu. Inna ta yi rashin lafiya ina can. Mu yi faɗa da shi in fita ƙofa in rasa gidan da zan je in huce. In mutu a binne ni cikin mutanen da ba su iya faɗin sunana daidai ba.

Da wani wanda na fi jin nauyin rubutawa. A nan ni ce bakinsa. Ni ke magana da mai gidan haya, ni ke zuwa makaranta, ni ke raka shi sabunta takardu kowace shekara. A can me zai yi da ni?

Lahadi, 14 ga Satumba

Mun ci abincin rana a gidan Inna. Kowa ya zo, Yaya da mijinta da yaransu huɗu, talabijin a kunne, kowa na magana a kan na kowa kamar kullum. Baban Aku yana kujerarsa ta kusa da ƙofa, faranti a cinya.

Mijin Yaya, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga murya daga can ƙarshen falo ya ce, Baƙo, matar za ka bar mana ko 'yar? Baban Aku ya gyaɗa kai, ya yi murmushi. Falo ya kaure da dariya. Shi ma ya yi dariya, a makare kaɗan.

Cokali ya tsaya mini a hannu. Na san wannan gyaɗa kan. Na gan shi ranar Talata, ina ganinsa kowace rana a wurin aiki, biyana ake yi don in gane shi. Mu biyu a ɗaki yana jin komai, yana ba ni amsa har da gardama. Amma a cikin hayaniya, mutum shida suna magana a tare, ya ɓace. Shekara tara yana zaune a wannan kujerar. Sau nawa aka yi masa irin wannan wasan ni ma na yi dariya? Ni da nake yi wa 'ya'yan tsofaffi faɗa cewa su fuskanci iyayensu in za su yi magana, su kashe rediyo.

A mota na tambaye shi ko ya ji abin da mijin Yaya ya ce. Ya ce wani abu ne dai a kan Aku, ko? Na ce e.

Talata, 16 ga Satumba

Ya tambaya ko sun kira. Na ce tukuna. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko nauyi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ƙanwarsa babba ta aiko hoto. Sun mayar da gadon tsohon ƙaramin ɗaki, sun yi wa babban ɗakin fenti. Tsohon da kansa ya sa a yi, wai ɗakin da ke samun rana ya fi dacewa da surukarsa, don kada ta yi kewar gida. Launin ruwan ƙwai. Baban Aku ya miƙo mini wayar yana jiran in ce wani abu, na ce ya yi kyau.

Mutum kwance, rabin jikinsa ba ya motsi, an ɗaga shi an canja masa ɗaki saboda wata takarda da ke kwance a bayan littafi.

Saura kwana goma sha biyu.

Litinin, 22 ga Satumba

Asirina ya tonu, kuma wautata ce ta tona shi.

Sau biyu a shekara ake zuwa daidaita na'urarmu, kuma wa ke zuwa? Shi. A lissafina sai Nuwamba. Na manta yana ta kammala ayyukansa da wuri don ya miƙa wa wanda zai gaje shi. Ƙarfe sha ɗaya sai ga shi da jakarsa, ya gaisa da shugabar sashenmu, ya durƙusa ya buɗe kabad. Takardar da yake sa hannu duk zuwa a cikin littafin nan take. Duk duniya mutum ɗaya ne ke buɗe littafin, ni kuma a bayansa na ɓoye abin da nake ɓoye masa. Ilimina ke nan.

Ya jawo littafin, ambulan ya zame ya faɗi. Ina tsaye a kansa. Ya ɗauka, ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallon fasfon. Sai ya mayar da shi daidai inda yake. Bai ɗago ba. Ya jona wayoyinsa ya yi aikinsa minti arba'in, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ƙarshe yakan shiga akwati a gwada da kunnen mutum. Ya shiga, ya ja ƙofa, ya sa abin kunne. Na zauna na aika ƙara, yana dannawa. Dama lafiya, hagu lafiya. Na yi masa alama ya fito, bai tashi ba. Ya jawo makirufo kusa da bakinsa.

"Maman Aku, kina jina?"

Na ce ina ji.

Ya yi magana a hankali, yadda yake yi, yana neman kalma. Ya ce kullum in ya kira gida sai tsohon ya tambaya, shi kuma ya ce masa takardu sun shiga. Sati uku yana yi wa mahaifinsa ƙarya bai sani ba. Wannan ya yi masa ciwo, kuma ba zai ɓoye mini ba. Sannan ya ce shekara biyun farko da aurenmu, in mun je gidan Inna, yakan shiga banɗaki ya zauna a kan murfin masai minti goma. Ni kuwa na ɗauka cikinsa ne bai saba da abincinmu ba, har magani na saya masa.

"Fuskata ce ke gajiya," in ji shi. "Murmushin."

Na ce me ya sa bai taɓa gaya mini ba.

"Lokacin ban iya faɗa ba. Da na iya, na riga na saba."

Na zaci zai ce kada in ji tsoro, komai zai yi sauƙi. Da ya faɗi haka da na sami dalilin yin fushi. Cewa ya yi abin da nake tsoro gaskiya ne, duka, har da waɗanda ban hango ba tukuna. Ba ya ƙarewa, raguwa yake yi. Ya ce ba zai ɗauki ambulan ɗin ba, ba zai sake tambayata ba, kuma in na bar ranar ta wuce shi zai gaya wa tsohon da bakinsa, ba zai ce laifina ne ba.

Ya cire abin kunne, ya fito, ya sa hannu a takarda, ya mayar da littafin. Shugabarmu ta leƙo ta ce to ma'aurata, na'urarmu lafiya? Ya ce lafiya ƙalau.

Talata, 23 ga Satumba

Bai yi fushi ba. Ya kai Aku makaranta, ya gyara ƙofar firij. Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na tashi aiki da wuri na tafi wurin Inna. Gaskiya zuwa na yi ta hana ni. Na shirya maganata tun a hanya: wa zai riƙa duba mata na'urar kunnenta, wa zai canja batir, wa zai goge, tunda Yaya ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Shekara biyar ni ke yi mata duk Lahadi.

Na faɗa mata komai, har da kabad. Ta saurare ni tana tsince wake. Da na zo kan maganar kunne sai ta ajiye tire, ta cire na'urar, ta buɗe murfin da farcenta, ta zare batir, ta ɗauko sabo a gefen zanenta ta sa, ta rufe, ta mayar kunne. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Na saki baki. Ta ce tun shekarar farko ta iya, bari take yi in yi don in riƙa zuwa.

"Ke dai in tsoro kike ji, ki ce tsoro kike ji," in ji ta. "Kada ki rataya mini shi a wuya."

Na ce to tsoro nake ji, Inna. Ta ce ita ma. Ta ce in na tafi za ta yi kuka har maƙwabta su gaji da ita, in kuma na zauna tsohon ya rasu ɗansa na nan yana gyara firij, ba ta san da wane ido zan riƙa kallonsa ba. Ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba. Ta miƙo mini tire ta ce in ƙarasa, idonta ya gaji.

Asabar, 27 ga Satumba

Na tambayi Aku yadda ake cewa "ban gane ba, a sake faɗa" da harshen babanta. Ta faɗa, na maimaita, ta kwanta a ƙasa don dariya. Wai na ce wani abu mai kama da haka amma kamar mai mura. Sau goma sha ɗaya kafin ta ce ba laifi. Na ce kada ta gaya wa babanta. Ta ce nawa zan ba ta. 'Yar nan ba ta da mutunci ko kaɗan.

Litinin, 29 ga Satumba

Gobe. Na buɗe kabad sau huɗu. Na kasa cin komai sai ruwan shayi.

Talata, 30 ga Satumba

Layin ofishin jakadancin ya yi tsawo, har waje. Matar da ke karɓar takardu ba ta ko kalli fuskata ba. Ba zan rubuta komai a kai ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Miƙa takarda ba tafiya ba ce. Suna iya hana ni. Ko sun ba ni ina iya cewa na fasa, ba wanda zai ɗaure ni ya sa a jirgi. Haka nake gaya wa kaina, kuma yana ɗan taimakawa.

Na ajiye masa 'yar takardar shaidar da suka ba ni a cikin jakar kayan aikinsa. Daga baya na ji shi yana waya da gida, muryar nan tasa a buɗe, ban tsaya na saurara ba.

Tsoron yana nan inda yake. Da safe in na farka shi ne ke fara gaishe ni.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na je an cire mini haƙorin nan na can ciki, na hagu. Shekara huɗu yana damuna, shekara huɗu ina tauna abinci ta dama, ina wuce ƙofar likitan haƙori kullum da safe ina kau da kai, ga shi bene ɗaya ne tsakaninmu. Ni da allura ba ma shiri.

Likitan ya leƙa bakina ya girgiza kai, ya ce shi har ya cire rai da ni, me ya kawo ni yau? Na ce ba komai. Ya ce ba komai ba ya kawo mutum kan wannan kujerar. Sai na ji bakina ya ce, ai gara a cire shi a inda zan iya cewa yana mini zogi a gane ni.

Ya tsaya da allura a hannu ya ce, au, tafiya za ki yi?

Na ce haƙori dai na zo cirewa, likita.

Ya cire. Ya yi zafi, amma bai kai yadda na zata ba. Kumatuna ya kumbura, bakina cike da auduga, Aku sai kwaikwayona take yi. Kafin in fito na ce ya duba sauran ma, duka, ya cike duk wanda ke da rami. Ya ce ba gaggawa, ana iya yi a hankali cikin shekara. Na ce a'a, ya ba ni rana kafin Janairu.